Yadda Ake Koya Wa Yara Turanci Da Littafin Labari Na Silaid A Waya

Yaro ɗan shekara bakwai zai iya haddace "A for apple" har zuwa Z, amma a ce masa "where is your cap?" ya tsaya yana kallon mutum. Dalilin ba boyayye ba ne: ya san kalmomi ɗai-ɗai, bai taɓa jin su suna aiki cikin magana ba. Ga shi kuma a makarantun Najeriya da Turanci zai rubuta jarrabawar shiga sakandare, har zuwa WAEC da NECO. Littafin labari mai hotuna na cike wannan giɓi, sai dai littattafan na da tsada, kuma kwafi ɗaya ba ya isar yara ashirin su gani lokaci guda. A nan wayar da ke aljihun yayan yaron ko malaminsa take shigowa: a mayar da littafin silaid, shafi ɗaya a allo ɗaya, a nuna shi a waya ko talabijin ko majigi.

Dabarar kanta ta girmi wayar salula. A shekarun 1970 wani malami ɗan Niyuzilan, Don Holdaway, ya yaɗa amfani da manyan littattafai da dukan aji zai iya hangen rubutunsu yayin da malami ke karantawa yana nuna kalma da yatsa. A farkon shekarun 1980 kuma Warwick Elley da Francis Mangubhai sun wadata wasu makarantun karkara a tsibirin Fiji da littattafan labari na Turanci, inda Turancin ba harshen gida ba ne, suka ga yaran da aka karanta wa labarai sun tsere wa waɗanda suka tsaya kan darasin nahawu na haddar jimloli, a fahimtar karatu da ta sauraro. Silaid dai babban littafin Holdaway ne da ya koma cikin waya.

Inda ake samun littattafan

Ba sai an ɗauki hoton littafin da aka saya a kasuwa ba. Yin hakan a watsa a WhatsApp ma shiga haƙƙin mawallafi ne. Akwai rumbunan littattafan yara da aka buɗe kyauta. African Storybook, na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, shi ya fi dacewa da yaran Hausawa, domin hotunansa na ƙauye da kasuwa da dabbobin gida ne irin waɗanda yaro ya sani, kuma akan samu labari ɗaya da Turanci da Hausa. StoryWeaver na kamfanin Pratham Books na Indiya, wanda aka buɗe a 2015, ya fi yawan littattafai, kuma ya jera su hawa-hawa daga masu 'yan kalmomi zuwa masu dogon labari. Akwai kuma Book Dash da Bloom Library da Global Digital Library. Akasarin littattafan suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato an yarda a sauke, a fassara, a sauya, a raba, da sharaɗin a bar sunan marubuci da mai zane. Silaid na ƙarshe wurinsu ne, kada a goge shi.

Wajen zaɓe ne aka fi yin kuskure. Babba yakan ɗauki labarin da ya burge shi, mai dogayen jimloli, alhali mai fara koyo yana buƙatar littafin hawa na ɗaya: jimla ɗaya a shafi, hoton da ke faɗin abin da jimlar ta faɗa, da tsarin magana guda da ke ta dawowa. A ce yaro ya ɓatar da hularsa yana nema: "Is it in the pot? No. Is it under the mat? No. Is it on the goat? Yes!" Kafin a kai shafi na huɗu yaran sun fara faɗin "No!" da kansu, kuma sun kama in da under da on ba tare da an rubuta musu ma'ana a allo ba.

Haɗa silaid ɗin

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke littafin a tsarin PDF, a kwantar da wayar, a buɗe shi ya cika allo, a riƙa turawa shafi-shafi. Wannan ya wadatar ga yaro ɗaya ko biyu a gida. Ga wanda ke son ya sarrafa darasin, sai ya ɗauki hoton allo na kowane shafi, ya yanke gefe-gefen, ya buɗe Google Slides ko PowerPoint ko WPS Office, ya sa hoto ɗaya a kowane silaid, ya sake rubuta jimlar a ƙasa da manyan haruffa. Girman rubutu daga 36 zuwa sama, baƙi a kan fari. Idan manhajar ta ba da zaɓi, salon rubutun Andika ya fi, domin ƙungiyar SIL ta tsara shi musamman don masu koyon karatu: harafin a ɗinsa irin wanda yaro ke rubutawa da hannu ne, kuma yana da ɓ da ɗ da ƙ.

Amfanin wannan wahala shi ne ana iya raba hoto da rubutu. A fara nuna hoton shi kaɗai, a tambayi yaran me suke gani, sannan silaid na gaba ya kawo hoton tare da jimlarsa. Littafin takarda ba ya iya haka. Kwalliyar da manhajojin nan ke tallatawa kuwa, rubutu mai tsalle da shafi mai juyawa kamar fanka, a bar ta. Yara za su kalli tsallen su manta da kalmar.

Idan yaran sun wuce huɗu ko biyar, allon waya ya yi kaɗan. Yawancin talabijin na zamani suna da ramin USB kuma suna nuna hotuna daga filashi, don haka sai a ɗauki hoton allo na kowane silaid, a tura cikin filashi ta mahaɗin OTG. A sa wa hotunan suna 01, 02, 03, domin idan aka rubuta 1, 2, 3 wasu talabijin sukan kawo 10 kafin 2, labari ya hargitse. Wayar USB-C zuwa HDMI ba ta aiki a yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, don ramin cajinsu ba ya fitar da hoto, saboda haka a gwada kafin a biya. 'Yar na'urar haska allo ta Miracast da ake maƙalawa a bayan talabijin ta fi dacewa da irin waɗannan wayoyi, kuma ba ta buƙatar data. Kafin a fara, a kunna tsarin hana damuwa na wayar, kada saƙon wani ya faɗo a gaban yara ana tsakiyar labari.

Yadda darasin ke tafiya

Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa, kuma labari ɗaya ya kamata ya yi mako guda. Ranar farko ta hira ce: a nuna bangon littafin, a tattauna hotunan da Hausa, yaran su yi hasashen abin da zai faru, sannan a karanta labarin da Turanci daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, da sauya murya da kwaikwayo. Idan littafin yana da na Hausa, a karanta shi a wannan rana shi kaɗai. Abin da bai kamata ba shi ne a riƙa fassara kowace jimla da zarar an karanta ta, domin yaro zai koyi toshe kunne ga Turancin yana jiran Hausar ta iso.

Daga rana ta biyu aikin ya koma hannun yaran. Mai karantawa ya tsaya kafin kalmar ƙarshe su cika. Ya nuna hoto ya tambaya, idan yaro ya ce "goat", ya amsa masa da "yes, a brown goat", ya sa shi ya maimaita. Wannan salon na tambaya da faɗaɗa amsar yaro shi ne abin da masanin Amurka Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a 1988, suka ga yana ƙara wa ƙananan yara kalmomi. Zuwa rana ta huɗu a nuna hotunan ba rubutu, yaran su ba da labarin, ko a hargitsa jerin silaid ɗin su gyara. Rana ta ƙarshe a ajiye wayar gaba ɗaya, a ɗauko hula da tukunya da tabarma na gaske, wani ya ɓoye, saura su tambaya da Turanci.

A nan ne kuma ake kama matsalolin furuci tun ba su zauna ba. Hausa ba ta bambanta p da f kamar Turanci, shi ya sa pan da fan ke zame wa yaro abu ɗaya, haka v da b. Silaid guda mai hotuna biyu gefe da gefe, kasko da fanka, ya fi dogon bayani: a faɗi ɗaya, yaro ya nuna. Wanda ba ya da tabbacin furucinsa zai iya sauraron kalmar a Google Translate kafin darasi. Manhajar Read Along ta Google kuma tana sauraron yaro yana karantawa ta gyara masa, kuma tana aiki ba intanet bayan an sauke labaran, don haka ta dace da bitar bayan darasi.

Ana iya ɗaukar allon da murya a mayar da silaid ɗin bidiyo a tura wa iyaye ta WhatsApp ko Xender, kuma hakan na da amfani a gidan da babu mai karanta Turanci. Sai dai bidiyo ba ya jiran amsar yaro, ba ya jin ko ya ce fan a maimakon pan. Ga ƙananan yara kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada zamansu gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana, 'yan ƙasa da haka kuwa ba ta ba da shawarar a zaunar da su gabansa ba. Ga waɗannan, a buga shafukan a takarda a shagon kwamfuta, a ɗinke su, a karanta musu a cinya.