Tafiya da Yaro Waje, Mafarin Ilimin Kimiyya

Iyaye da yawa suna zaton kimiyya ba ta samuwa sai a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta. Wannan kuskure ne. Tushen kimiyya shi ne lura da tambaya, yaro kuwa yakan fara koyonsu ne a hannun wanda ya riƙe shi suka fita waje.

Mu ɗauki misalin Sabo da ke Mokola a Ibadan, unguwar da Hausawa suka zauna tun 1916. Uban da ke nan ba ya bukatar kashe kuɗi masu yawa. Lambun Agodi, wanda aka kafa a 1967, yana kusa. Jami'ar Ibadan ma tana da gidan namun daji da lambun itatuwa. Amma ko bakin rumfar goro ya isa. Idan yaro ya tambayi dalilin da ya sa ake naɗe goro da ɗanyen ganye, kada a kore shi. A ba shi goro biyu, ya naɗe ɗaya, ya bar ɗaya a fili, ya duba bayan 'yan kwanaki. Da idonsa zai ga wanda ya bushe, watau ruwan jikinsa ya fice. Ya yi gwaji ke nan, ko da bai san sunansa ba.

Haka kuma da damina. A nuna masa yadda ruwa ke gangarowa daga tudun Mokola, yadda yake gudu a ƙasar da ba ciyawa, yake kuma tsumawa inda akwai ta. Daga nan sai a ba shi labarin ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980, da yadda shara ke toshe magudanai. Lalle ne dai a tsaya nesa da bakin rafi.

Richard Feynman, masanin Amurka da ya sami lambar Nobel a 1965, ya sha faɗa cewa mahaifinsa, wanda ɗan kasuwa ne, shi ya koya masa lura da halin tsuntsaye a daji, ba haddace sunayensu kawai ba.

In tambaya ta gagari uba ko uwa, babu abin kunya. Sai a ce, "Ɗana, riƙe ta, gobe mu tambayi malaminku." 'Ya'ya mata ma a riƙa fita da su.