Kafin ka bar Bilma, gwada birkin motarka

Direban da ya saba da tsohuwar Land Cruiser, in ya hau sabuwar Hilux, ƙafarsa ce ke fara gane bambanci. Ta farko sai ka danna birki sosai kafin ta kama, ta biyu da ɗan taɓawa ta cafke. Motocin gudu irin su Porsche kuwa birkinsu tauri gare shi, ba ya nutsewa da nisa, da ƙarfin ƙafa ake auna tsayawa. Kowanne da halinsa, don haka ka gwada shi cikin gari kafin ka doshi Faci ko Dirku.

Kashe injin, ka taka birki sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe shi, sannan ka tayar da mota. Ya kamata ya ɗan sauka. In bai sauka ba, na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi ta samu matsala. In ya yi laushi, iska ta shiga man birki. In kuwa yana nutsewa a hankali alhali kana riƙe da shi, kada ka shiga hamadar Tenere da wannan motar sai makaniki ya duba.

Man birki yana shan danshi. Sabon mai irin DOT 4 yana jure zafin digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa wajen 155. Canza shi duk shekara 2.

A rairayi, mota mai ABS takan karkaɗa ƙafa, ta kuma ƙara nisa kafin ta tsaya. Ba lalacewa ba ce. Ni dai shawarata, saki totur da wuri, ka sauko da giya, yashin da kansa zai riƙe motar.