Aikin Mai Unguwa Game da Baƙi da 'Yan Makaranta

Getso tana ƙasar Gwarzo, Gwarzo kuwa ta yi iyaka da Jihar Katsina, baƙi ba su yankewa. Saboda haka lalle ne Hakimi ya gargaɗi dagatai, kada kowa ya sauki baƙo sai da sanin mai unguwa. Malamin Hakimi ya rubuta sunan baƙon, da garinsu, da mai masaukinsa, gama ɓarawo ba ya son a san asalinsa.

Sai batun 'yan makaranta. Tun 1972 motoci hannun dama suke bi, watau yaro hagu zai fara dubawa, sa'an nan dama, kafin ya ƙetare. Mai unguwa ya tsai da dattijo ƙofar makaranta lokacin tashi. Direban da ya ƙi rage gudu, a kai lambar motarsa ga 'yan sanda.