Darasi Ga Masu Saye Da Sayar Da Sabon Murhu Mai Tsimin Icce

Jama'ar Runjin Sambo, musamman masu tuwo-tuwo da masu ƙosai da dillalan kayan maƙera, ga bayani a kan murhun nan mai rufaffen jiki. Iri biyu ne. Akwai na ƙarfe, irin wanda mutanen Nijar ke kira Mai Sauƙi, akwai kuma na yumɓu, irin wanda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana gyarawa. Dukkansu suna rage cin icce, amma sai an bi ƙa'idarsu.

Babbar ƙa'ida ita ce tukunya ta dace da murhu. Murhun duwatsu uku kowace tukunya yana ɗauka, wanga kuwa ba haka ba. Tsakanin cikin tukunya da bangon murhu a bar fili kamar kaurin ɗan yatsa. In ya fi haka, zafi ya tsere sama, an yi asarar icce. In babu filin sam, wuta ta shaƙe, sai hayaƙi. Saboda haka, dillali, kada ka sayar sai ka tambayi lambar tukunyar mai saye. In da hali ma ya zo da ita a aza a gani. Yawancin murhun da ake maidowa ana cewa ba ya ci, murhun lafiya lau yake, tukunya ce ba tasa ba. Ga la'ada ta tafi, ga mai saye ya tafi yana ɓata kayan a gari.

Sai icce. A faskara shi sirara, ya bushe sarai, a sa biyu ko uku ta ƙofa, ana turawa sannu-sannu. Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar sai ta ƙare wajen busar da shi. Marke da geza suna riƙe wuta. Dogon yaro ma ba laifi in ya bushe. In miya ta tafasa a janye icce ɗaya, garwashi ya isa.

Na yumɓu sabo a bar shi ya bushe a inuwa, a fara shi da 'yar ƙaramar wuta kwana biyu ko uku. In ya tsage, a liƙe da yumɓu da kashin shanu tun tsagar tana ƙarama. Na ƙarfe kuma kada a kwara masa ruwa yana da zafi, yana lanƙwashewa ya yi tsatsa. A kashe icce a waje cikin rairayi. A kwashe toka kullum safe don iska ta samu hanya, da damina kuma a ɗauke shi daga tsakar gida.

Ga ɗari: kada a shiga da murhu ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum yana barci. Wanga a faɗa wa kowane mai saye, ko bai tambaya ba.