Karatun Jami'a Ta Intanet: Ilmi Kyauta, Shaida Da Kuɗi

A shekarar 2001 ne jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar cewa za ta zuba darussanta a intanet domin kowa ya karanta ba tare da biyan ko kwabo ba. Amma ba ta yi alkawarin malami ko takardar shaida ba. A kan wannan bambanci tsakanin ilmi da shaidarsa aka gina kasuwar karatu daga nesa.

A shekarar 2011 malamai biyu a jami'ar Stanford, wato Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe wa duniya darasinsu na ƙirƙirarriyar basira. Kimanin mutum 160,000 suka yi rajista, wajen 23,000 suka kammala, ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam suna taimakon juna da tambaya da amsa. Ganin wannan cincirindo ya sa aka kafa kamfanin Coursera a 2012, jami'o'in Harvard da MIT kuma suka haɗa gwiwa suka kafa edX, kowace ta ware dala miliyan 30.

To, daga ina riba za ta fito? Shirya darasi yana cin kuɗi mai yawa, amma ƙarin ɗalibi ɗaya ba ya ƙara wani nauyi sosai. Saboda haka aka buɗe ƙofa ga masu sauraro, aka ɗora farashi a kan jarrabawa, da takardar shaida, da cikakken digiri, da horar da ma'aikatan kamfanoni. Ita ma University of the People, wadda Shai Reshef ya kafa a 2009, ba ta karɓar kuɗin koyarwa, sai kuɗin tantance ɗalibi a kowane darasi.

Sai dai yawan ɗalibai ba shi ne ciniki ba. A 2021 kamfanin 2U ya sayi edX a kan dala miliyan 800, amma a 2024 bashi ya yi masa katutu har ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa kuɗi.

Darasi ga ɗan kasuwa shi ne ya san abin da yake saye. Idan bukatarsa ita ce yaron shagonsa ya iya lissafin shiga da fita, darasin kyauta ya wadatar, muddin ya tanadi kuɗin data da wuta da lokacin karatu, domin mafi yawan masu rajista ba sa kai wa ƙarshe. Idan kuwa digiri ake nema, wajibi ne a bincika kafin biya ko hukumomi sun amince da makarantar. A Nijeriya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke da wannan hurumi, kuma akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa mai koyarwa daga nesa. Takardar da mai ɗaukar aiki bai yarda da ita ba, asarar jari ce.