Rubuta Abin da Kunne Ya Ji: Darasi ga Sabon Manazarci

Ɗalibin da ya fara bincike mai dogaro da hira da lura, ba ƙididdiga ba, yakan yi tuntuɓe tun wajen mayar da magana rubutu. A ce ya ɗauki muryar manomin albasa a Galmi, cikin gundumar Malbaza, ko ta ɗan kasuwa a Birnin Konni. Mai magana ya ce “hwata” da “rigas sarki”, amma hannun ɗalibi ya rubuta “fata” da “rigar sarki”, kamar yadda Daidaitacciyar Hausa ta saba masa. Da wannan gyara ya share hujjar da ya je nema.

Ƙa'idar ita ce a rubuta yadda aka furta, a sake saurare kafin a tabbatar. Daga nan sai a yi wa kowane misali lakabi: sauti ne, nahawu ko kalma, a kuma rubuta garin mai magana, shekarunsa da wanda yake yi wa magana. Daga maimaituwar lakabi ne jigogin nazari ke fitowa.

Wanda ya tattara bayanai a Illela, cikin ƙasar Adar, zai amfana da kwatanta su da littafin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar, bayan ya kammala nasa rubutun.