Bayan An Watse Daga Zaman Makoki

Masifar da hannun ɗan Adam ya jawo takan bar wa zuciya tabon da ya fi na ambaliya ko fari wuyar warkewa, domin wanda ta shafa yana da wanda yake zargi. Ranar 20 ga Janairu 2012 hare-haren bama-bamai sun kashe fiye da mutum 180 a birnin Kano. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 kuma aka kai hari Babban Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarki, fiye da mutum 100 suka rasu. Irin wannan abu yakan bi 'yan kasuwa da 'yan cirani har gida, ko a Rano ne, ko Kibiya, ko Nariya.

Wanda ya tsira yakan kasa barci, ya riƙa mafarkin abin, gabansa ya faɗi da an buga ƙofa da ƙarfi. Wani yakan daina shiga kasuwa ko sahun salla. Yaro kuwa sai fitsarin kwance ya dawo masa. A makonnin farko duk wannan ba abin mamaki ba ne, kuma ba raunin imani ba ne.

Al'ada ta tanadi zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mace kuma ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Wannan gata ne babba. Sai dai galibi nauyin yakan sauko ne bayan an watse, lokacin da masu cewa "sai haƙuri" suka koma harkokinsu. A nan ake bukatar ɗan'uwa ko amini da zai riƙa leƙowa, ya saurara in an yi magana, kada kuma ya matsa a ba shi labari. Komawa gona ko sana'a da sannu yana taimakawa. Kallon hotunan gawarwaki a waya kuwa fama gyambo ne, a nesanta yara da shi.

Idan wata guda ya wuce abin bai lafa ba, ko mutum ya koma shan ƙwaya, ko ya fara cewa gara ya mutu, to, a haɗa addu'a da likita. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Rano, in ya so a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Mai maganar kashe kansa ba a barinsa shi kaɗai, a ranar ake kai shi.